Tanderun Kaka da Jan Ido

Daga Allah muke, gare Shi Kaka ya koma, da hantsin wata Laraba, ana tsakiyar noman rani.

Mutanen da suka fi cika ƙofar gida ranar ba dangi ba ne. Manoman shinkafa ne daga Shanga, da masu injin niƙa na cikin Yelwa, da wasu masunta da suka taso daga Warra ko rigar kirki ba su tsaya sawa ba. Wani dattijo Bakambare, Kirista, ya sauko daga ƙauyensu a bayan mashin, ya tsaya gefe har aka idar da sallah, sannan ya shigo zaure ya durƙusa gaban Kawu, ɗan Kaka. Daga cikin gida ina jin muryarsa tana rawa.

"Mutumin ga bai taɓa ba mu inji bai sa mishi albarka ba. Da bakinai yaka yi, hannunai cikin wuta. Ni na gani."

Mata suka sake fashewa da kuka. Iya, matar Kaka, ba ta yi ba. Tana zaune kan tabarma da carbi, duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ya huta, ya huta," kamar wani ne ya yi mata gardama.

Inna, mahaifiyata, ita ce babbar 'yarsa. Da aka ɗan lafa sai na ga ta miƙe ta ɗauki wani tsohon buhu, ta bi ta ƙofar zaure ta shiga shagon Kaka. Na bi ta. A jikin bango, kusa da tanderu, akwai wani ɗan akwati da na haɗa da hannuna, mai nuna zafin wuta da jajayen lambobi. Ta lulluɓe shi da buhun. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ki zo ki ɗauke abinki. Ya gama aikinai."

Maganar nan ce ta hana ni sukuni, ita ce kuma ta sa na zauna rubuta wannan. Ina so a san wane ne Kaka, a kuma san yadda akwatin nan ya zo bangon shagonsa, tun kafin labarin ya koma yadda Inna take ba da shi.

Kaka mai rewaya ne. In injin ban ruwa ko na niƙa ko janareto ya ƙone, shi zai fasa shi, ya zare ƙonanniyar wayar jan ƙarfe, ya naɗa sabuwa, ya tsoma kwayil ɗin, wato naɗin wayar, cikin banish, man nan mai danƙo da wari, sannan ya gasa shi har ya bushe. A gashin nan aikin yake. In wuta ta yi kaɗan, cikin kwayil ba zai bushe ba, injin ya sake ƙonewa a tsakiyar gona. In ta yi yawa, wayar ta toye, aikin duka ya tashi a banza. Tanderun nasa tsohon durom ne da ya kwantar, ya yaɓe shi da laka daga bakin ruwa, gawayi na ci daga ƙasa.

Ba shi da sauƙin kai, kada mu yi masa ƙarya don ya mutu. Amma yana da doka ɗaya da ba ya karyawa: wanda shinkafarsa ke jiran ruwa shi ake fara yi wa aiki, ko da shi ya zo ƙarshe. Wani Alhaji ya taɓa ta da jijiyar wuya saboda janaretonsa ya daɗe a shago. Kaka ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Alhaji, kai zuhwa kaka yi. Wancan abincin ɗiyanai ka mutuwa." Alhajin ya kwashe kayansa ya tafi, Kaka ya ce a raka shi da sallama. In kuma ya yi nishaɗi da yamma, sai ya nuna babban tafkin da ke bakin garinmu da haɓa ya ce, "Can ƙasan ruwan ga anka yanke min cibiya," domin ƙauyen da aka haife shi yana cikin waɗanda ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka ni ce amarya. Ban taɓa shiga gidan bai kushe ni ba. Tuwona ya yi ruwa, lallena bai kama ba, mijina ya ƙwace masa mata bai biya shi ko goro ba. Ni kuma in ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, wa zai zauna da mai warin banish in ba Iya ba?" Sai ya yi dariya har ya ƙware. A wurinsa na fara ganin yadda ake narka dalma a liƙe waya, abin da ya kai ni makarantar koyon sana'a. Yau ina gyaran wayar hannu a ɗakina, matan unguwa ne masu kawo min, don ba sa son maza su riƙa leƙa musu hotuna.

Abin da dattijon nan Bakambare ya gani, kowa ya gani. In kwayil zai shiga tanderu, Kaka zai naɗe hannun riga, ya zura hannun dama cikin bakin durom, ya fara salatin Annabi, wanda ake yi a zaman tahiya, a hankali, da muryarsa mai kauri. In zafi ya koro hannun daidai kan "kama sallaita", wuta ta yi. In ya wuce nan hannu na ciki, a ƙara gawayi. In bai kai ba, a rage. Ma'auninsa ke nan tun kafin a haife ni. Masu kawo aiki sun ɗauka addu'a yake yi wa injinsu, har wasu ba sa tafiya sai sun ga an yi. Na taɓa ce masa ya gaya musu gaskiya mana. Ya ce, "Wace ƙarya anka yi musu? Salatin dai an yi shi."

Bai taɓa barin kowa ya sa hannu a tanderun nan ba, har da Kawu, ƙanen Inna, wanda ya tashi a shagon ya yi furfura a shagon. Kawu ya iya naɗi, wasu ma sun ce ya fi uban tsabtar aiki, amma in aka zo gashi, aikinsa zuba gawayi da kwashe gawayi. Mutum ne marar magana. Abin yana cinsa, duk gidan mun sani, babu dai mai faɗa.

Ciwon suga ya daɗe tare da Kaka, kuma bai taɓa ba shi girma ba. Shayi marar suga ruwan wanka yake ce masa. Iya ta sha tsintar ƙwayoyin sugan shayi a aljihunsa cikin noti da ƙusoshi. Abin da ba mu sani ba shi ne ciwon yana kashe masa jin jiki, daga ƙafa ya hau hannu.

Sai kwayil ya fara fitowa baƙi. Kaka ya ɗora wa masu sayar da waya, ya ce yanzu duk jabu ce. Ya ɗora wa mai gawayi. Daga ƙarshe ya juya kan Kawu, a gaban mutane, ya ce shi ke labta wuta don ya ɓata masa suna ya gaje shago. Kawu ya ajiye shebur ya fita. Da daddare matarsa ta ce ko abinci bai taɓa ba. Washegari ya dawo ya ci gaba da zuba gawayi.

Iya ce ta gano. Ta kawo masa ruwan wanke hannu zai ci tuwo, sai ta ga bayan hannunsa ya kumbura ya yi bororo, fata ta saluɓe. Ta yi salati. Shi kuma ya dubi hannun kamar na wani ne. Ashe ya jingina shi da bakin durom bai sani ba. Aka kira Kawu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yau Baba ya kai ƙarshen salati, ya sake ɗauko shi daga hwari, hannun na ciki. Kuma yac ce in ƙara wuta." Kawu ya daɗe yana ganin haka. Ya rasa bakin da zai gaya wa ubansa cewa hannunsa ya mutu.

A asibiti likita ya ce ciwon mai suga ba ya warkewa da wuri, in aka sake irin wannan, hannun ne za a yanke. Inna ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta sayo kwaɗo ta garƙame shagon, ta ƙulle mabuɗin a bakin zaninta. Ba na ganin laifinta a nan. Ubanta ne, kuma ita ta riƙe tasa lokacin da ake wanke masa ciwon.

Amma na je gaishe shi na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya. Na ce, "Angona, ka yi fushi ne?" Shiru. Na ce yau tuwona ya yi ƙarfi, har na kawo masa ya shaida. Shiru. Tun da nake a duniya ban taɓa tsokanar mutumin nan bai rama ba. Na fito. Iya ta biyo ni har zaure ta ce abinci ma sai ta yi da gaske yake kai loma biyu.

Abin da na ƙudurta ke nan a hanyar gida: a mayar da shi shagonsa, kuma hannun ya tsira.

Gwajina na farko abin dariya ne. Na ciro wani ɗan ma'aunin zafi daga tsohuwar na'ura, na manta jikinsa roba ne, na gwada shi a kan murhuna. Ya narke ya cika ɗaki da wari, maigidana ya shigo a guje ya ɗauka gobara ce. Daga nan na yi tambaya, aka gaya min irin wayar da masu manyan gidajen burodi ke amfani da ita: ƙarfe iri biyu ne aka haɗe bakinsu, in bakin ya ji zafi sai ya ba da 'yar wutar lantarki da za a iya aunawa. Na ba wani direba saƙo ya sayo min daga Kano, tare da ɗan allon da ke karanta ta da ɗan gilashi mai jajayen lambobi. Batirin mashin ya zama abincinsa, tunda wutar gari ba abin dogaro ba ce. Gidansa kuwa tsohuwar rediyon Kaka ce da ta mutu tuntuni ya hana a yar. Na kwashe cikinta, na yanka mata taga a gaba.

Don in tabbata ba ƙarya zai riƙa yi ba, na aika aka sayo min ƙanƙara wajen masu kifi a bakin ruwa. A cikin ruwan ƙanƙara ya kamata ya nuna sifiri, a tafasasshen ruwa kuma ɗari. Kawu ya zo kallo. Na tsoma wayar a butar da ke tafasa, sai lamba ta kama gangarowa ƙasa. Ashe na juya ƙafafun wayar, na liƙa ta dama a hagu. Kawu ya ce, "To, wannan ma ciwon Baba gare shi." Ya yi dariya, sannan ya kama bakinsa. Na gyara, muka sake gwadawa har lambobin suka zauna. Daga baya, da aka buɗe shago, shi ya huda gefen durom ɗin ya zura wayar ta kai tsakiya, inda kwayil ke zama.

Karɓo mabuɗi ya fi haɗa na'urar wuya. Inna ta ce a'a, ta sake cewa a'a. Iya ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ba shi mabuɗinai. Wuta ba ta kashe min miji ba, ke za ki kashe shi da kwanciya." Inna ta kwance bakin zani ta jefo mabuɗin ƙasa. Sharaɗinta ɗaya: kada hannunsa ya sake kusantar bakin durom.

Kaka ya fito da hannu a naɗe da bandeji, ya tsaya gaban rediyonsa yana kallon lambobin. Can ya ce, "Amarya, wanga Jan Ido shi za ya koya min wuta?" Na ji daɗi har cikin raina, don ya kira ni amarya. Sunan kuma ya bi akwatin har yau.

"Ba koya maka zai yi ba, Tsoho. Zai ji maka ne kawai."

"To shi hwaɗi. Nawa ta, wuta mai kyau?"

Nan na tsaya. Ban sani ba. Banish ɗin da suke saye a gorar ruwa ake ɗuro shi, babu takarda babu rubutu. Jan Ido zai iya gaya mana zafin da ke cikin durom, amma wanne ne daidai, wannan a hannun Kaka yake, hannun kuma ya daina magana. Gawayi na ƙara a ƙasa. Kaka ya daɗe yana duban bandejinsa. Sannan, ba tare da ya juya ba, ya ce wa Kawu, "Kai. Zo nan. Ara min hannunka."

Kawu ya naɗe hannun riga. Kaka ya riƙe masa gwiwar hannu ya tura cikin durom, ya fara salati da irin jan da ya saba. Suka wuce "kama sallaita" hannu na ciki. Aka ƙara gawayi, aka jira, aka sake. Aka kuma sakewa. Can sai Kawu ya fizge hannu daidai kan kalmar, Kaka ya daka min tsawa, "Nawa?" Na ce ɗari da talatin da 'yan kai. Kwayil ɗin ranar ya fito da launin zuma, ya bushe har ciki. Kawu ya fita waje yana goge ido, ya ce hayaƙi ne.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya, amma sai na ƙara masa ƙararrawa, irin mai kukan nan ta sigina ta mashin, don ya yi ƙara in lamba ta kai. Ya yi aiki fiye da yadda nake so. Jan Ido ya yi kuka, Kawu ya kwashe gawayi, shi ke nan. Yatsun Kaka sun riga sun daina riƙe siririyar waya, ga gashin ma ya fita hannunsa. Wata rana ina tsaye a ƙofar zaure wani manomi ya shigo, ya yi wa Kaka gaisuwar wucewa, ya zarce wajen Kawu da injinsa. Na ga fuskar Kaka. Da mutumin ya fita sai ya yafito ni.

"Amarya, cire mishi baki. Ido ya ishe shi. Bakin nawa na."

Na cire ƙararrawar a take, na jefa ta cikin gwangwanin kayan aikina. Tun daga ranar Kaka ya sa aka ajiye masa benci yana fuskantar Jan Ido. In kwayil ya shiga, zai ɗora hannuwa kan gwiwa ya yi salatinsa a fili, masu aiki su ce amin. In lamba ta kai, ya ɗaga murya har cikin gida ana ji: "A rage wuta!" Kawu ya amsa, "To, Baba." Ya koma cin abinci, ya koma kushe min tuwo. Noman rani biyu ya yi a kan bencin nan.

Sai ciwon ya zo idanu. Ya sa aka matsa da benci kusa, aka sake matsawa, har ya zama yana zaune a bakin hayaƙin gawayi da warin banish. Wata rana lamba ta kai ta wuce, yana kallon wajen bai ce komai ba. Kawu ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa ƙafar durom, kamar hannunsa ne ya kuskure. Kaka ya ce, "A rage wuta!" Kawu ya ce, "To, Baba." Haka suka ci gaba har ƙarshe. Duk gidan mun gane ƙarar sifanar nan, babu wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Tari ya kama shi a wannan shekarar, ya sauka ƙirji, bai sake shi ba. Inna ta tare ni a tsakar gida tun yana da rai. "Kin ba shi abin wasa kin zaunar da shi cikin hayaƙi. Da yana ɗaki da yanzu ƙirjinai lahiya lau." Ban amsa mata ba, uwa ce. Amma a raina ina jin haushinta, don ita ma ta ga yadda ya juya wa ƙofa baya lokacin da shagon ke kulle. Kuma a ƙarƙashin haushin akwai tsoro, domin ban isa in rantse cewa ba ta da gaskiya ba. Wataƙila da ya ƙara shekaru a ɗaki. Wataƙila da bai kai damina ba. Ajali na Allah ne, haka muke cewa, haka kuma yake, amma wannan bai hana ni juya maganar a raina ina tsakiyar liƙa wayar mutane ba.

Ranar sadakar uku na zauna kusa da Iya. Ta ce waɗanda suka yi masa wanka sun gaya mata hannun na nan cif, yatsu biyar, sai tabo. Sannan ta matso ta rage murya. "Ya sani hwa. Yac ce min, yaron ga wawa yam maishe ni? Sifana ba ta kuskure kullum lokaci guda. Amma kak ki hwaɗa mishi na sani, shi ji kunya." Ta ɗan yi murmushi, sai a lokacin na ga hawayenta.

Washegari wani manomi daga Shanga ya zo ya rakuɓe a ƙofar gida. Injinsa na cikin shago, an naɗa kwayil ba a gasa ba Kaka ya kwanta. Kunya ta hana shi tambaya. Kawu ya ce masa yaya shinkafa, ya ce ta fara naɗe ganye. Kawu ya tashi ya buɗe shago, ya hura gawayi, ya yaye buhun da ke kan Jan Ido ya ninke ya ajiye. Ni ina ƙofar zaure, ƙararrawar na cikin jakata, na zo da ita don na san yanzu dole a mayar.

Kwayil ya shiga. Lambobin suka kama hawa. Manomin ya dubi bencin ya kawar da kai. Da lamba ta kai, Kawu ya miƙa hannu ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa ƙafar durom, sannan ya tsaya da shebur a hannu yana jira. Lamba ta ƙaru. Ta sake ƙaruwa. Bai motsa ba. 

Daga bayana, cikin duhun zaure, sai na ji Inna, da muryar da kuka ya dusashe.

"A rage wuta."

Kawu ya sunkuya ya tura shebur cikin gawayi. Ya ce, "To, Baba."

Inna ta juya ta koma cikin gida. Ba ta dube ni ba, amma ba ta sake cewa in ɗauke abina ba. Ƙararrawar tana nan cikin jakata har yanzu.

Ya Allah, hannun nan ya sha wuta a duniya yana yi wa Annabinka salati. Ka yafe masa ta gobe.